Daga bindigar toka zuwa AK-47: Yadda nisan harsashi ya sauya dazukan Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, da zarar an ɗaure damman gero da dawa, ciyawa ta bushe, hunturu ya sauko, to lokacin farauta ya kama. Masu karnuka da gora su fita gayya, maharbi kuma ya rataya bindigarsa ta toka ya bi sawu shi kaɗai, daga wajejen Dogon Daji da Sanyinna har zuwa kwarin Gulbin Zamfara.

A 'yan shekarun nan dajin ya samu wasu masu bindigar. Ƙaramar Hukumar Kebbe tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, kuma 'yan bindigar da ke satar shanu da mutane sun sha ratsowa ta nan. Mutumin da aka sani da harbin zomo da gada, yau shi ake bugawa ƙofa da dare a ce ya fito ya tsare gari.

Ana yawan yabon jarumtarsa, kuma ya cancanci yabon. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: mita nawa bindigar da ke kafaɗarsa take kaiwa, kuma mita nawa ta wanda zai tunkara take kaiwa? Amsar wannan tambayar ita ce ke raba wanda zai dawo gida da wanda za a ɗauko.

Lambobin da ke jikin harsashi

Duk wanda ke bibiyar labaran kama makamai ya saba jin 'yan sanda na cewa sun ƙwato harsasai "7.62". Wannan lamba faɗin ƙwayar harsashin ce a ma'aunin milimita, kuma rabin bayani ce kawai.

Cikakken sunan harsashin AK-47 shi ne 7.62x39. Lambar ta biyu tsawon kwanson ne, wato gidan da albarushi ke ciki. Akwai 7.62x51, wanda bindigogin G3 da FN da sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa ke ci. Akwai kuma 7.62x54, na bindigar PKM mai jigida. Faɗinsu kusan ɗaya ne, amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma ƙarfinsu ya sha bamban, domin dogon kwanso ya fi ɗaukar albarushi.

Turawan Ingila da Amurkawa su kuma da inci suke aunawa. Shi ya sa ake jin .303, tsohon harsashin sojan Birtaniya, da .308, wanda shi ne ɗan'uwan 7.62x51 a hannun masu farauta, da .22, ɗan ƙarami na harbin tsuntsu da zomo.

Bindiga mai baki biyu da mai baki ɗaya, irin waɗanda ake sa wa jan kwanso, lissafinsu daban ne, kuma tsoho ne. Idan aka ce bindiga "lamba 12" ce, ma'anar ita ce in aka narka darma mai nauyin laba ɗaya aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika bakinta. Faɗin bakin ya kai milimita 18 da rabi, fiye da ninki biyu na bakin AK-47. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka babban baki shi ne babban ƙarfi.

Ƙarfin harsashi daga nauyinsa da gudunsa yake fitowa, kuma gudun ya fi tasiri. In aka ninka nauyi, ƙarfi zai ninku sau biyu. In aka ninka gudu, ƙarfi zai ninku sau huɗu. Wannan ƙa'ida ɗaya ta isa ta bayyana yadda ƙwaya mai nauyin giram 8 take yin ɓarnar da dunƙulen darma mai girma ba ya yi daga nesa.

Toka da mai baki biyu

Bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba darma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa. Cikin bututunta sumul yake. Abin da aka ɗura yana fita ne yana karo da bango, don haka babu tabbacin inda zai nufa da zarar ya yi 'yar tafiya.

Dunƙulallen harsashi kuma ba ya iya yanka iska. Yana fita da ƙarfi, amma iska na cin gudunsa nan da nan. Ko bindigogin sojan Turai na irin wannan ƙira, waɗanda aka yi a masana'anta, da wuya a dogara da su a kan abu guda bayan mita 50 zuwa 70. Wadda maƙerin ƙauye ya haɗa da bututun da ya samu, yawanci ba ta kai nan ba.

Sunan harba-ka-ruga bai zo a banza ba. Harbi ɗaya take yi, sai a tsaya a sake ɗuri. Horarren soja a zamanin irin wannan bindiga, da albarushinsa a ƙulle a takarda, harbi uku yake yi a minti ɗaya. Maharbin da ke auna albarushi a tafin hannu, cikin duhu, ya fi haka daɗewa. Ga hayaƙi da ke tona inda yake, ga raɓa ko ruwan sama da ke iya kashe albarushin, ga kuma haɗarin da kowane gari ya san labarinsa, na bututu ya fashe ya tafi da yatsun mai shi.

Mai baki biyu ta fi ta nesa ba kusa ba wajen aminci da saurin ɗuri, amma ita ma bindigar kusa ce. Kwanson tsuntsu yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin darma da ke bazuwa kamar an watsa gero. A kan zabon daji ko fakara ko dinya a fadama, cikin mita 30 zuwa 40, babu kamarta. Bayan nan ƙwayoyin sun bazu, ƙarfinsu ya kare. Akwai kwanso mai manyan ƙwayoyi takwas ko tara, akwai kuma mai dunƙule ɗaya da ke iya kaiwa mita 75 zuwa 100 a hannun gwani. Iyakarta ke nan. Irin wadda ake jan hannunta ta sake ɗuri, wadda 'yan sa-kai ke alfahari da ita, kwanso iri ɗaya take ci. Ta ƙara yawan harbi, ba ta ƙara nisa ba.

Maharban ƙasar Hausa sun san wannan iyaka tun tuni, kuma sun samo mata magani mai ban sha'awa: burtu. Maharbi ya sassaƙa kan tsuntsun burtu da itace, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta saba ganin burtu, ba ta gudunsa. A haka zai rage tazara taku bayan taku har ya shiga inda bindigarsa ko kibiyarsa za ta iya aiki.

Duk ilimin farautar gargajiya a kan wannan ya ginu: sanin inda iska ke kaɗawa don kada dabba ta ji warin mutum, sanin mashaya, sanin sawu, da haƙurin kwanciya a wuri ɗaya har rana ta faɗi. Gwanin maharbi a nan shi ne wanda ya iya matsowa.

Abin da ke cikin bututun raifal

Bindigogin da ake kira raifal, ciki har da AK-47, suna da wani tsagi da ke murɗawa a cikin bututunsu. Harsashi na bin tsagin ya fito yana juyawa a kan kansa, kamar katantanwar da yara ke murzawa. Muddin katantanwa na juyi, ba ta faɗuwa. Haka harsashin ke tafiya da tsininsa a gaba, bai karkace ba.

Wannan juyi ne ya ba da damar ƙera harsashi dogo siriri mai yanka iska. Da aka haɗa shi da albarushi marar hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, sai tazarar harbi ta tashi daga gomman mitoci zuwa ɗaruruwa.

Harsashin AK-47 na da nauyin giram 8, yana barin baki da gudun mita 715 a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Ƙarfinsa a ma'aunin da masana ke kira jul ya kai kimanin 2,000. Ana dogara da shi har mita 300 zuwa 400. Gidan harsashinta na cin 30, kuma tana iya zazzage su cikin daƙiƙa uku.

A auna da filin ƙwallo, wanda tsawonsa ya ɗan haura mita 100. Mai bindigar toka da ke tsaye a raga da ƙyar zai samu wanda ke tsakiyar fili. Mai AK-47 zai same shi daga filaye uku a jere.

Duk da kaurin sunanta, AK-47 ba bindigar nesa ba ce a wurin masana. An ƙera ta ne don ta jure ƙura da taɓo da rashin kulawa, kuma ta yi aman wuta a matsakaiciyar tazara. Harsashin 7.62x51 ya fi nata nauyi da gudu: giram 9 da rabi, mita 840 a daƙiƙa, ƙarfi kusan jul 3,400. Tsohon .303 ma, mai giram 11, ya haura jul 3,000. Shi kuwa 5.56 na bindigogin Amurka giram 4 ne kacal, amma yana gudun fiye da mita 900 a daƙiƙa. Ɗan ƙaramin .22 yawanci ba ya kai jul 200.

A can ƙarshe akwai 12.7, harsashin manyan bindigogin da aka ƙera don harbo jirgin sama, waɗanda rahotanni suka sha ambata a hannun wasu dabobin 'yan bindiga a Arewa maso Yamma. Ƙarfinsa ya haura jul 15,000. Katangar laka ba ta cika zama mafaka a gabansa ba.

Harbin nesa da lissafinsa

Babu harsashin da ke tafiya a miƙe. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa ke jan sa, daidai da yadda take jan dutsen da aka saki daga hannu. A rabin daƙiƙa yana sauka fiye da mita ɗaya. A daƙiƙa ɗaya, kusan mita biyar. Amfanin gudu shi ne harsashi ya isa inda za shi kafin ya sauka da yawa.

In aka daidaita saitin AK-47 a mita 100, harsashinta zai sauka fiye da rabin mita a ƙasan saiti idan ya kai mita 300. Na .308 bai kai haka faɗuwa ba. Gada kuwa gaba ɗayanta tsayinta a kafaɗa bai wuce rabin mita da ɗan wani abu ba. Kuskuren ƙiyasin tazara da taku 50 ya isa a harbi ƙasa ko a karya mata ƙafa.

Sai iska. Wanda ya san hunturun Sakkwato ya san yadda take kaɗawa daga gefe, ta tsaya, ta sake tasowa. Tana tura harsashi gefe, kuma turin na ƙaruwa ne fiye da yadda tazara ke ƙaruwa. Ga hazo da ke ɓoye abu, ga kuma zafin bazara da ke sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a ido.

Saboda haka masu gasar harbin nesa a Amurka da Turai suka koma neman siffar harsashi maimakon girmansa. A 2007 kamfanin Hornady ya fitar da 6.5 Creedmoor, wanda bai kai .308 faɗi ba, amma dogo ne siriri. Yana riƙe gudunsa, iska ba ta cika ture shi ba, bai cika dukan kafaɗa ba, kuma yana wuce mita 1,000 bai sauko ƙasa da gudun sauti ba. A kusa .308 ya fi shi nauyin duka. A nesa sai ya wuce shi. Har yau ana ta musu a kan su biyun, irin musun da ba ya ƙarewa.

Labaran da ke yawo na harbi daga kilomitoci gaskiya ne, amma suna da sharaɗi. A Nuwamban 2009 wani sojan Birtaniya, Craig Harrison, ya yi harbi daga mita 2,475 a Afganistan da harsashin .338 Lapua. A 2017 wani sojan Kanada ya kai mita 3,540 a Iraƙi. Waɗannan mutane ne masu horon shekaru, da madubin hange mai tsada, da abokin aiki da ke auna musu iska da tazara. Babu abin da ya haɗa wannan da wanda ya ɗaga bindiga sama a bisa babur yana ɓarin wuta.

Sai dai harsashin mai ɓarin wutar ma yana zuwa wani wuri. Nisan da ake iya saiti daban, nisan da harsashi ke iya kisa daban. Na AK-47 na iya tafiyar fiye da kilomita biyu kafin ya faɗo. Ko ɗan .22, kamfanonin da ke yin sa suna rubuta gargaɗi a kwalinsa cewa yana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi. Wanda ke harba bindiga sama a wajen biki ko murnar zaɓe, ya sani cewa abin da ya harba zai sauko a kan wani gida.

Giginya da Satiru

Ƙasar Sakkwato ta taɓa karatun wannan darasi, kuma da jini ta biya kuɗin makarantar.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Irin waɗannan su ne kakannin bindigar toka ta yau. Turawa na kiran ta da sunan mutanen Denmark, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun ƙasar Gana. Ma'ana, an bar wa Afirka bindigar kusa, an riƙe ta nesa.

Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta tsaya a bayan ganuwar Sakkwato, a wurin da ake tunawa da sunan Giginya. Dubban mahaya da dakaru ne, da masu da takubba da kwari da baka da 'yan bindigogi. Sojojin da Turawa suka zo da su ba su kai dubu ɗaya ba, amma suna da raifal da bindigar Maxim mai aman ɗaruruwan harsasai a minti, da igwa. Yawancin waɗanda suka faɗi a ranar ba su kai inda makaminsu zai taɓa abokin gaba ba.

Shekara uku bayan nan, a Fabrairun 1906, mutanen Satiru da ke kudu da Sakkwato suka nuna ɗaya fuskar lissafin. Da gatura da fartanyu da kibau suka auka wa rundunar sojan doki kafin ta gama shirya sahu. Tazara ta rufe, fifikon raifal ya ɓace, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace Maxim. A watan Maris aka dawo musu da shiri, aka tsaya daga nesa. An kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin.

Abin da ya faru a Mera, cikin Ƙaramar Hukumar Augie ta Jihar Kebbi, a Nuwamban 2024, bai yi nisa da wannan ba. Lakurawa sun kore shanu, mutanen gari suka bi sawu da abin da ke hannunsu, aka kashe aƙalla 15 daga cikinsu. Ba zuciya suka rasa ba.

Jihohin yankin sun kafa rundunonin tsaron al'umma: Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024. Mafarauta da tsofaffin 'yan banga na cikin waɗanda irin wannan aiki ke jawowa, kuma akwai dalili. Sun san hanyoyin daji, sun san mashaya, suna karanta sawun babur kamar yadda suke karanta na gada. Wannan ilimi soja ba ya samun sa a bariki. Amfani da su a matsayin ido da jagora abu ne mai ma'ana. Tura su gaba a fili da bindigar mita 50 su tari mai bindigar mita 300, wannan kuma duk wanda ya ba da umarnin ya kamata ya san abin da ya aikata.

Harsashin yaƙi da na farauta

Wani zai ce to ai sai mafarauci ya nemi AK-47, ya huta da rarrafe. Ban da cewa doka ta hana, harsashin soja ma ba na farauta ba ne.

Harsashin soja a lulluɓe yake ruf da ƙarfe mai tauri. Tun 1899, a taron birnin Hague, ƙasashe suka amince a daina amfani da harsashi mai buɗewa a jikin mutum a fagen yaƙi, irin wanda aka sani da dumdum, sunan wata masana'antar Birtaniya da ke kusa da Kalkata a Indiya. Irin na soja yakan ratsa dabba ya fice, ta ruga da rauni ta je ta mutu a inda ba za a gan ta ba.

Harsashin farauta akasin haka aka yi shi. Bakinsa a buɗe yake ko mai taushi, yana faɗaɗa in ya shiga, don dabba ta faɗi nan take ba tare da doguwar wahala ba. Amma faɗaɗawar na buƙatar gudu. In tazara ta yi yawa gudun ya ragu, ba zai buɗe ba. Shi ya sa mafarauta masu lura a ƙasashen da ake farauta da raifal ba su cika wuce mita 200 zuwa 300 ba, ko da bindigar za ta iya.

Kowace dabba kuma da abin da ya dace da ita. A Tanzaniya doka ba ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa ko zaki da abin da bai kai .375 ba, harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai nauyin giram 19 da ƙarfin da ya haura jul 5,500. A sa wannan a kan zomo, ba za a samu abin sa wa a tukunya ba. A ɗaya ɓangaren kuma, wani Bature ɗan Scotland mai suna Bell ya kashe giwaye fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, akasarinsu da ƙaramin harsashi mai milimita 7, saboda yana matsowa kusa kuma ya san daidai inda zai sa shi. Ana kawo labarinsa a matsayin hujjar cewa saiti ya fi girman harsashi. Hujja ce kuma ta yadda bindiga mai kyau ke share daji.

Ga Musulmin mafarauci maganar ta wuce ta tausayi kawai. A fiƙihu, makamin farauta sai ya huda ya zubar da jini, an kuma ambaci sunan Allah lokacin harbi. Abin da ya mutu da bugu kawai ba a cin sa. Malaman Malikiyya na baya sun tattauna harsashin darma, mafi yawansu suka halatta abin da ya kashe saboda yana hudawa. In an tarar da dabbar da sauran rai, sai an yanka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Tambuwal kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ta kawo batun dabbar da aka harba ta ɓace har ta kwana ba a gan ta ba, da saɓanin da ke kan cin ta. Harbin nesa da ke raunata dabba ta gudu, shi ne ke jefa mutum cikin wannan shubuha.

Maganar gaskiya ma, dajin kudancin Sakkwato na yau ba shi da abin da ke buƙatar babbar raifal. Gwanki da ɓauna da mariya sun zama labarin tsofaffi a mafi yawan wurare. Noma ya ci daji, gatari ya ci itace. Abin da ya saura, zomo da gafiya da kurege da zabo da fakara, sai gada jefi-jefi, duk aikin mai baki biyu ne da kare.

Darmar da ke shiga miya

Akwai wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba. Darma guba ce, kuma wannan yanki ya fi kowa sani. A 2010 gubar darma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ba nisa da Kebbe.

Darmar harsashi ba ta kai wannan yawa ba, amma ita ce dai. Idan ta bugi ƙashi tana farfashewa ta bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin nama, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar darma tun 1991, Denmark ta hana ƙwayar gaba ɗaya a 1996, Jihar Kaliforniya kuma ta hana duk wata farauta da darma daga 2019.

A nan babu wanda zai kawo wa maharbin Kuchi harsashin jan ƙarfe. Abin da ke hannunsa shi ne ya yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ya jefar inda kare da ungulu ba za su kai ba, a tsince ƙwayoyin kafin a dafa, a kuma kiyaye ba ƙananan yara da masu juna biyu wannan sashe. Mai narka darmar tsohon batir a tsakar gida don yin harsashi, shi da 'ya'yansa ne ke fara shaƙar ta.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma in aka duba da kyau, kusan bisa nisa da yawan harbi ta kasa su.

Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifal ɗin soja, inda dokar ta ambaci 7.62 da 9 da .300 da .303 da sunansu. Kashi na biyu, irin su mai baki biyu da raifal ɗin farauta da bindigar iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato toka da danginta, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Saboda haka gwamna ba shi da ikon raba AK-47. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A shekarar ce Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin sayen AK-47 ga dakarun sa-kai na jiharsa, bai samu ba. Masu goyon bayan hanin na da hujja mai ƙarfi: bindigar da ta shiga gari ba ta komawa, kuma rikicin Zamfara kansa ya ƙara ruruwa ne da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani makiyaya. Masu adawa na tambayar wa zai tsaya wa ƙauyen da motar soja ke buƙatar awa biyu kafin ta iso.

Ko bindigar tokar ma tana iya jawo wa mai ita abin da bai zata ba in ya fita da ita daga inda aka san shi. A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Jihar Kano da ke dawowa daga Jihar Ribas don yin Sallah a gida sun gamu da ajalinsu a Uromi ta Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun tare motarsu sun ga bindigogin toka, jama'a suka ɗauke su masu garkuwa da mutane. Mafarautan Tambuwal da Kebbe da ke tafiya kudu ci-rani da kayan aikinsu suna bin irin waɗannan hanyoyi, kuma takardar lasisi da katin ƙungiya su ne kawai abin da za su iya nunawa a shingen da ba a jin Hausa.